Fitinar Boko Haram: Me Ya Hana Wutar Mutuwa?



Abin da ya tara mu yau shi ne fitinar Boko Haram, wadda ta ɓarke a watan Yuli na 2009, har yau kuwa ba ta kwanta ba. Yawancinmu muna firamare sa'ad da ta soma. Tambayarmu ɗaya ce: me ya sa ƙasa mai runduna da jiragen yaƙi ta kasa gamawa da ita?

Mu fara daga tushe. Muhammadu Yusuf ya yi shekaru yana wa'azi a Maiduguri, yana haramta karatun boko da aikin gwamnati. Malamai irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam sun fito fili sun ƙaryata shi, amma samari marasa aikin yi suka ci gaba da tururuwa wurinsa. Da aka yi arangama a 2009, soja suka kama shi da rai suka miƙa wa 'yan sanda. Ran 30 ga Yuli aka kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Hukuma ta ce magana ta ƙare, alhali kuwa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A 2010 Abubakar Shekau ya bayyana, ya mai da wannan jini abin jawo mabiya.

Ba kuwa shi ne karo na fari ba. A Disamban 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, sa'an nan ya sake tashi a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984. An murƙushe, an yi bincike, amma jahilci da talauci da zaluncin da suka haifi abin suna nan inda aka bar su.

Wa aka fi cuta? Mu ne. A Fabrairun 2014 an yi wa ɗalibai kisan gilla a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. A Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok. A Nuwamba aka kai hari Babban Masallacin Kano ana sallar Juma'a. Wanda ya kashe masallata a masallaci, ya kashe masu ibada a coci, ba shi da bakin cewa addini yake karewa.

Gaskiya ne gwamnati ba ta naɗe hannu ba. An kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013. Samarin Maiduguri suka tashi da sanduna, aka kira su 'yan ƙato da gora, suka kori maharan daga unguwanni. Sojojin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa ƙarfi, a Maris na 2015 aka ƙwato Gwoza. Sojojin da suka kwanta dama a wannan fage sun cancanci addu'armu.

To, amma ƙwato gari daban, riƙe shi daban. A 2016 ƙungiyar ta rabu biyu. Ɓangaren ISWAP ya kafu a tsibiran Tafkin Chadi, yana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, yana yanke hukunci tsakanin mutane. Wato ya zauna a kujerar da hukuma ta bari. Shekau kansa ba a hannun soja ya mutu ba. A Mayun 2021 ya halaka a dajin Sambisa da ISWAP ta rutsa shi. Bayan nan dubban mutane suka miƙa wuya, amma matar da aka kashe wa miji tana da haƙƙin tambaya: an yi wa tubabbe tanadi, ni fa?

Ga wani lissafi da ya kamata mu riƙe. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya jawo mutuwar kusan mutum 350,000 a arewa maso gabas. Mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce da cuta, galibinsu kuwa ƙananan yara.

Saboda haka, 'yan'uwa, wannan yaƙi bai tsaya ga soja ba. Gobe mu ne akawu, mu ne malaman makaranta da na asibiti, mu ne alƙalai. Idan aka tura mu Bama ko Monguno, za mu je, ko za mu nemi hanyar zamewa? Idan kuɗin 'yan gudun hijira ya biyo ta teburinmu, zai isa gare su cif? Duk wanda aka kama da zargi, mu dage a kai shi kotu, gama mun ga abin da kisa ba shari'a ya jawo mana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gyaran bangon kuwa aikinmu ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da masu gudun hijira gidajensu lafiya.