Gafara Ta Fi Wuya a Cikin Gida



An ba ni batutuwa biyu, gafara a bangaskiyar Kirista da kuma matsayin iyali a rayuwar mai bi. Ni a wurina batu ɗaya ne, kuma dalilina na faɗin haka shi ne laccar tawa.

Yawancinmu mun san labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, kowannensu yana gaban matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna. Wuye da bakinsa ya ce ya ɗauki shekaru suna aiki tare alhali zuciyarsa ba ta sauko ba. Cikin abubuwan da suka sassauta shi har da ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Ba muhawara ce ta ci shi ba. Mutumin da yake ƙi ne ya je duba uwarsa.

Muna son irin wannan labari, kuma ya cancanci a so shi. Amma in tambaye ku: nawa ne a cikinmu za su tafa masa yau, su koma gida su wuce ƙofar ɗan'uwansu na ciki ɗaya ba gaisuwa, saboda gonar gado? Yafe wa na nesa yana da 'yan kallo, har a kira ka taro a ba ka lambar yabo. Yafe wa wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya ba mai gani, ga shi gobe ma zai iya sake ɓata maka.

Ku duba Littafi Mai Tsarki, manyan labaran gafara a cikin gida suka faru. Isuwa ya rungumi Yakubu wanda ya ƙwace masa albarka. Yusufu ya ciyar da 'yan'uwan da suka sayar da shi. A misalin ɗan da ya ɓata, cikin Luka 15, uban bai sha wuyar karɓar ƙaramin ba. Wan ne ya tsaya a waje ya ƙi shiga, kuma Yesu bai gaya mana ko ya shiga daga baya ba. Tambayar Bitrus ma a Matiyu 18, ta sau nawa zai yafe, a kan ɗan'uwa ya yi ta.

Labarin da ya fi ba ni tsoro shi ne na Dawuda da ɗansa Absalom, a Littafin Sama'ila na Biyu. Amnon, wani ɗan Dawuda, ya ci zarafin Tamar, 'yar ubansa. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta kowa ba. Absalom, wan Tamar, ya haɗiye abin shekara 2, sannan ya sa aka kashe Amnon, ya gudu Geshur ya yi shekara 3. Da Yowab, sarkin yaƙin Dawuda, ya yi dabara aka dawo da shi Urushalima, sai Dawuda ya ce ya zauna a gidansa, kada ya zo gabansa. Shekara 2 suna gari ɗaya, ɗa bai ga fuskar ubansa ba. Sai da Absalom ya sa aka cinna wa gonar Yowab wuta kafin a kai shi fada. Kun san ƙarshen: tawaye, yaƙi, gawar yaro, da sarki yana kuka yana cewa da ma shi ya mutu a madadinsa. Ga mutumin da sau biyu ya sami Saul a hannu ya ƙyale shi da rai, amma a gidansa ya kasa yin hukunci a lokacinsa, ya kuma kasa yafewa gaba ɗaya. Wannan rabin gafarar mun san ta sarai. Ita ce "na bar shi da Allah" da muke faɗa da baki, mu ci gaba da gaba.

Wani zai ce ai Yesu ya gargaɗi mai ƙaunar uwa da uba fiye da shi. Haka ne, Allah ne a gaba. Sai dai shi Yesun, a Markus 7, ya tsauta wa masu cewa dukiyarsu ta Allah ce don su guje wa ɗawainiyar iyayensu, kuma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Iyayena fastoci, ku yi mini haƙuri: aikin ikilisiya ba shi ne Allah ba. Mai fita taron kwamiti tun safe, ya zarce addu'ar dare, 'ya'yansa ba sa ganinsa sai a kan mumbari, ya sake lissafi.

Akwai kuma inda muke karkatar da koyarwar nan, kuma iyayenmu mata suka fi ɗanɗana kuɗarta. Mace ta zo da kumburarriyar fuska, dattawa su ce ta yi haƙuri ta koma, ai Kirista mai gafara ne, mijin kuwa ko kiransa ba a yi ba. Wannan kuskuren Dawuda ne game da Tamar. A Luka 17 tsautawa ce ta zo kafin yafewa. Yusufu bai bayyana kansa ba sai da ya gwada 'yan'uwansa a kan Biliyaminu, ya ga sun sāke hali. Paparoma John Paul na Biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca da ya harbe shi a 1981, har ya ziyarce shi a kurkuku a 1983, amma Agca bai bar kurkukun Italiya ba sai a 2000. Wanda aka cuta yana iya ajiye ramuwa, amma wannan bai ɗauke wa ikilisiya ko hukuma nauyin tsawata wa mai cuta ba.

A Matiyu 5, Yesu ya ce wanda ya kawo baiko gaban bagade, ya tuna akwai wata matsala a tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ku lura, bai ce a jira mai laifi ya zo ba. Wanda ya tuna shi ne zai tashi. Don haka roƙona gare ku, kafin ku sake zama cin Jibin Ubangiji, duk mai gaba da wa ko ƙani, da suruka, da ɗa ko matar aure, ya taka da ƙafarsa ya je. In ba zai iya shi kaɗai ba, ya ɗauki dattijo ɗaya ya raka shi.