Jawabi a Kan Tabar Naɗi ta Habana da Hukuncinta

Da sunan Allah muke farawa, a gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya ku iyayena malamai, Allah ya gafarta muku, ya ku ƙannena da 'ya'yana almajirai, Allah ya ba ku ilmi mai amfani. Ku sani garinmu Kongolam bakin iyaka ne, hanyar Daura zuwa Matamaye da Damagaram ta ratsa shi, saboda haka abin da ya fito a duniya ba ya daɗewa sai ya iso ƙofarmu, ko a cikin kayan fatake, ko a cikin wayoyin samari. To, ga wata taba mai kaurin babban yatsa, launin ƙasa, ana kawo ta a akwatin katako, ana ce mata tabar Habana. Ni zan kira ta tabar naɗi, domin da hannu ake naɗe ta. Masu yabonta suna kafa hujja uku. Ta farko, wai ganye ne zalla, babu takarda, inji bai taɓa ta ba. Ta biyu, wai ba a haɗiye hayaƙinta. Ta uku, wai ta sarakuna ce da attajirai, ba irin sigarin tasha ba. Daga nan suka ce hukuncinta dabam ne. Malamai sun koya mana ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. Saboda haka zan fara da siffanta ta bisa adalci, sa'an nan mu auna.

Fasali na farko, a kan asalinta

Taba ba ta cikin tsiron da magabata na farko suka sani. Babu ita a zamanin sahabbai, babu ita a zamanin Imamu Malik. Asalinta ƙasashen Amurka. A shekara ta 1492 ta Miladiyya jiragen Kolumbus suka isa tsibirin Kyuba, mutanensa suka tarar da mazauna tsibirin suna naɗe busasshen ganye, su kunna wuta a kai ɗaya, su zuƙi hayaƙi ta ɗayan. Wannan naɗi shi ne kakan tabar da muke magana a kanta. Sigari na takarda ƙanenta ne, daga baya ya zo.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai taba ta game Maroko da Masar da Istambul da Tambutu. Ƙasar Hausa ma ta karɓe ta, aka noma ta a fadama da bayan gida. Wasu su sha a lofe, wasu su daka ta da kanwa su sa a baki, wasu su shaƙa, mata kuwa su goge haƙora da furenta. Tabar Katsina ta yi suna, har Baturen nan matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya saye ta a Katsina a 1853 ya tafi da ita Tambutu saboda darajarta a can. Fataken Batagarawa sun daɗe suna kai ta arewa a kan jakuna. Ashe ganyen da ake yi wa wannan kirari ba baƙo ba ne. Ɗan'uwan wanda ake kasawa a kasuwar Mai'aduwa ne, riga kaɗai aka sake masa.

Fasali na biyu, a kan yadda ake yin ta

Gaskiya ɗaya ce, a cikin aikinta akwai gwaninta, ba zan ɓoye ba. Mafi shaharar ganyenta daga lardin Finar del Riyo yake, a yammacin Kyuba. Iri ya kan yi kamar kwana 45 a gadon reno, sa'an nan a dasa. Ganyen da za a yi riga da shi, a kan kafa wa gonarsa rumfar farin yadi shara-shara, domin kada rana ta kausasa shi. In ya nuna a tsinke shi da hannu, biyu biyu ko uku uku, daga ƙasa zuwa sama. A soke shi da zare, a rataye a kan sanduna cikin ɗakin katako kamar kwana 50, har kore ya koma launin ƙasa. Sa'an nan a tara shi tsibi tsibi, a rufe, ya ɗauki zafi daga cikinsa, kamar yadda matanmu ke rufe kalwa ta kwana ta zama daddawa. Da wannan ɗacinsa ke raguwa, ƙamshi ya fito. Bayan haka a ɗaure shi a ajiye, wani watanni, wani shekara biyu ko fiye.

Kowane kara kashi uku ne: ciki, da ɗamara, da riga. Cikin ma ganye iri uku ake haɗawa: na gindin tsiro domin cin wuta, na tsakiya domin ƙamshi, na sama domin ƙarfi, tun da shi ya fi shan rana. Mai naɗi ba shi da kayan aiki masu yawa, allo ne da wuƙa mai faɗi da ƙaro marar ɗanɗano, sai matsi na katako. Gwani ya kan naɗe tsakanin 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girmansu. Wani abin da zai ba almajiri sha'awa, tun 1865 suke da al'adar ɗora mutum a kan dakali yana karanta wa masu naɗi jaridu da littattafai suna aiki. Daga sunan wani littafi da aka karanta musu aka sa wa tabar Montecristo suna a 1935. Ita kuwa Cohiba an fara ta a 1966, da farko domin shugabansu Fidel Kastro kaɗai da baƙinsa.

Fasali na uku, a kan yadda masu ita ke shan ta

Ba a jefa ta a aljihu kamar goro. Tana bukatar akwati mai riƙe laima, ma'aunin laimar ya tsaya tsakanin 65 da 70 cikin 100. Ku dubi hunturunmu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙwarya ke fashewa. In aka bar ta a fili kwana kaɗan, rigarta ta tsage, kuɗi sun tafi. In za a sha, a yanke kanta, a kunna a hankali, a ja hayaƙi a juya shi a baki, a fesar. Kara ɗaya ya kan ci sa'a guda ko biyu. Masu ita su zauna suna cewa wannan tana ɗanɗanon gahawa, waccan barkono, waccan zuma ko fata, suna alfahari da tsawon tokar da ba ta faɗi ba. Akwai wadda kara ɗaya ya fi kuɗin buhun gero. Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero. Buhun ya ciyar da gida makonni, karan ya zama toka tsakanin la'asar da magariba.

Fasali na huɗu, a kan saɓanin malamai

Da taba ta bayyana, malaman mazhabarmu sun yi saɓani, ba a samu nassi da ya ambace ta da suna ba. Shehu Ahmadu Baba na Tambutu, wanda aka kai Marakish a 1594 bayan rundunar Maroko ta ci ƙasarsu, ya yi risala a shekara ta 1016 ta Hijira, daidai da 1607, ya halatta ta. Shehu Aliyu Ujhuri na Masar, wanda ya rasu a 1656, shi ma ya halatta abin da ba ya gusar da hankali daga cikinta. Amma Shehu Ibrahimu Laƙƙani, mai Jauharatut Tauhidi da kuke karantawa, wanda ya rasu a 1631, ya yi littafi yana gargaɗin 'yan'uwa su nisanci hayaƙi. Sarkin Istambul Muradu na huɗu ya hana ta a 1633 har da hukuncin kisa. Shehu Ahmadu Tijjani ya hana almajiransa ita, haka Shehu Ahmadu Lobbo ya hana ta a daular Masina.

Ku lura da wannan wuri da kyau, domin nan ne gaɓar mas'ala. Waɗanda suka halatta sun gina magana a kan cewa ba ta sa maye, ba najasa ba ce, kuma asalin tsiro halal ne sai in cuta ta tabbata. Ujhuri da kansa ya bayyana cewa wanda take cutar da jikinsa, ta haramta a gare shi. Ke nan halacci ne mai sharaɗi. Sun yi ijtihadi da ilmin zamaninsu, Allah ya saka musu. Wanda ya ɗauki fatawarsu ya jefar da sharaɗinta, bai bi su ba.

Fasali na biyar, a kan abin da likitoci suka tabbatar

A 1950 masu bincike biyu na Ingila, Dol da Hil, suka binciki marasa lafiya a asibitocin Landan, suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto mai tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A 1998 cibiyar binciken sankara ta Amurka ta keɓe littafi guda a kan tabar naɗi kanta. Da abin da suka gano zan amsa hujjojin nan uku.

Idan ka ce ganye ne zalla, sai in ce cutar tana cikin ganyen da hayaƙinsa, ba takarda ce ta kawo ta ba. Karan sigari bai cika wuce giram 1 na taba ba, babbar tabar naɗi kuwa tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, har ta kan kai kwalin sigari cikakke. Abin da ya fi wannan, rufewar nan da ke fito da ƙamshi ita ce ke ƙara wani dafi mai jawo sankara, likitoci suna ce masa nitrosamin. Inda daɗin yake, nan cutar take. Wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Idan ka ce ba a haɗiye hayaƙin, sai in ce hayaƙinta irin wanda fatar baki ke tsotsewa ne. Nikotin, wato abin da ke ɗaure mutum ga taba har ya kasa bari, yana shiga jini ta nan ba sai ya kai huhu ba. Leɓe da harshe da maƙogwaro suna wanka da hayaƙin, sa'an nan a haɗiye yawu. Don haka masu shan ta ke gamuwa da sankarar baki da maƙoshi da hanyar abinci. Matarka da 'ya'yanka da ke ɗakin kuwa, su shaƙa suke yi har huhu, ba wanda ya shawarce su.

Idan ka ce ta manya ce, ga Cocil na Ingila ya sha ta har ya kai shekara 90, sai in ce hukunci a kan galibi ake gina shi. Don wani ya faɗa rijiya ya fito da rai, ba za mu ce wa yara su faɗa ba. In kana lissafin manya, ka sa da Janar Garant, tsohon shugaban Amurka, mashahurin mai shan ta, wanda sankarar maƙogwaro ta kashe a 1885. Ka sa da Kastro kansa, wanda aka yi Cohiba dominsa, ƙasarsa kuma tana cin abinci da ita. Ya bar shan ta a 1985 domin lafiyar jama'arsa. In mai gona ya tsame hannu, kai mai saye me kake jira?

Fasali na shida, a kan abin da ya rinjaya da nasiha

Abin da ya rinjaya a wurina shi ne, tabar naɗi da sigari da lofe da ta baki hukuncinsu ɗaya, domin illarsu ɗaya. Sharaɗin da masu halattawa suka kafa ya faɗi tun da cuta ta tabbata, kuma shari'a ta zo domin tsare rai da dukiya. Tsadarta ba ta tsarkake ta ba, sai ma ta ƙara mata almubazzaranci. Gwanintar mai naɗi abin yabo ce a matsayinta na sana'a, amma kyan kube ba ya hana wuƙa yanka.

Ya ku iyayena malamai, in attajiri ya kawo muku ita kyauta, ku gode masa da niyyarsa, ku mayar masa da ita cikin lallashi, ku gaya masa dalili. Kada a kunna ta a zauren karatu, domin abin da almajiri ya gani a hannun malaminsa ya fi abin da ya ji a bakinsa. Kuma kada mu zagi mai sha, kada mu fitar da shi daga musulunci a kan mas'alar da manya suka yi saɓani a cikinta. Mutum ne ɗaurarre, taimako yake bukata. Manomin taba ma a bi shi da hikima, a nuna masa albasa da barkono da rake, kada a raba shi da abincinsa ba a nuna masa wani ba.

Ya ku 'ya'yana almajirai, kada hoton mai kuɗi da hayaƙi a baki ya ruɗe ku, hoto ba ya nuna gadon asibiti. Ku sani dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana sayar da sigari kara kara, ta hana sha a wuraren taron jama'a. Nijar ma ta yi tata dokar a 2006. Wanda ya aike ku sayen ta, ku ba shi haƙuri da ladabi.

Kai kuma ɗan'uwa da ka riga ka saba, kada ka fid da rai. Ka iya barin ta daga alfijir zuwa faɗuwar rana wata guda cur a Ramadan, ashe ikon bari yana gare ka. Kwanakin farko su ne masu wuya, sa'an nan ƙishirwarta ta riƙa raguwa. Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka, ka ƙaurace wa majalisar masu sha. In ka ga gyambo a baki ko dushewar murya ta wuce mako uku, ka tafi asibiti da wuri, kada ka tsaya jira.

Wanda wannan takarda ta isa gare shi, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu kashe dukiyarmu inda za mu same ta gobe. Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi. Haza wassalamu.