KALMOMIN CINIKIN ALLON TALLA
Jawabin malamin lakwal ga taron ƙungiya

 

Ƙungiya ta yanke shawarar kafa allo bakin hanyar da ke zuwa kasuwar Sakabal, don matafiya su san muna da bankin cimaka, muna saida hatsi da dusa da angurya. Kuɗin aikin daga asusu za su fito, watau gumin kowa. Waɗanda za mu aika Dakoro ko Maraɗi za su tarar ana cinikin da kalmomin Faransanci. Wanda bai san kalma ba, sai ya ce "to" ga abin da bai gane ba, ya dawo gida da bashi. Shi ya sa shugaba ya ce in bayyana muku su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko PANO. Shi ne allon kansa, da ƙafafunsa. Pano iri biyu ne: na haya da na kanka. Manyan da kuke gani bakin kwalta a Maraɗi da Yamai, galibi na haya ne. Kamfanin da ya mallake su shi ake kira REJI. Reji ba ya saida maka allo. Fuskar allon yake ba ka haya, wata ɗaya ko uku ko shekara. Ran da wa'adi ya cika, a sauke tallarka a ɗora ta wani. Kamar aron gona ne: ka ci amfani, ƙasa ta mai ita ce.

Ta biyu FAS, watau fuska. Allo yana da gaba da baya. In an rubuta duka biyun, sai su ce REKTO-BERSO. Ku tambaya tun farko: kuɗin da anka faɗa na fuska ɗaya ne ko na biyu?

Ta uku META KARE. Da shi ake awon aikin, kamar yadda muke awon hatsi da tiya. Tsawo ake ninkawa da faɗi. Babban allon birni da suke kira "huɗu da uku", meta 4 ne da meta 3, watau meta kare 12. Namu meta 2 da meta 1, meta kare 2 ke nan. In fuska biyu ce, ya zama 4. Misali kawai: in an ce meta kare jika 10, wanda ya manta da baya zai ɗauki jika 20, a can a ce masa 40.

Ta huɗu BASH. Kada ku ji kamar bashi anka ce. Leda ce mai kauri wadda inji ke buga wa rubutu da hoto, a shimfiɗa ta bisa allo. Tana da kyan gani ranar farko. Amma ranar ƙasarmu tana cinye launinta, iskar farkon damina tana yage ta. Ɗaya hanyar ita ce TOL, watau kwano, mai fenti ya rubuta da hannu. In ya kode, sai a sake shafawa nan gida. Ku tabbata an fara shafa masa maganin tsatsa, jan fentin nan da suke kira ANTIRUY.

Ta biyar MAKET. Shi ne ƙaramin zanen da za a nuna muku bisa takarda ko cikin salula kafin a taɓa allo. In kun yarda, za a ce ku sa hannu ga BON A TIRE, ma'ana "mun gani, a buga". Daga wannan sa hannu, duk kuskuren da ya fito naku ne. Ku karanta harafi harafi. Ku duba lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don injin wasu ba ya da su. In ƙugiya ta faɗi, "maraba da baƙi" ya koma "maraba da baki", yaran lakwal su yi ta yi mana dariya.

Ta shida DEBI. Takarda ce da ke jera kuɗin kowane abu dabam: kwano, ƙarfe, walda, fenti, siminti, kuɗin mota, da POZ, watau kafawa. Debi ba biya ba ne, ba a tilasta maka saye don ka karɓe shi. Ku karɓo na mutum uku mu gwada. Sannan ABANS, kafin alƙalami ke nan. Kada a ba da shi sai da RESI mai kwanan wata da sa hannu, da ranar da aiki zai ƙare. Ragowar kuɗi sai allo ya tsaya da ƙafafunsa cikin siminti.

Ta bakwai izini da haraji. Bakin hanya ba na kowa ba ne shi kaɗai. Ƙaramar hukuma ke ba da izinin wuri, ita ke karɓar harajin allon talla. Tun watan Afrilu na 2024 anka rushe majalisun ƙananan hukumomi, anka naɗa kantomomi, don haka can ma'aikatar za a kai takarda, a tambayo abin da ya hau kanmu a shekara, a rubuce.

Saura me za a rubuta. Mai babur ba ya tsayawa karatu. Kalma biyar ko shida sun isa, da kibiya, da zanen buhu don makiyayin da bai yi boko ba. Kundin da hukuma ta fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Mu rubuta da Hausa, boko a sama, ajami a ƙasa, tunda masu karatun allo sun fi yawa a cikinmu. Girman haruffa kuwa, mu gwada da alli bisa allon lakwal, mu fito da shi fili, dattijo ya ja baya taki 50 ya karanta.

Shawarata ita ce mu bar haya ga kamfanonin salula masu kuɗinta. Mu yi namu na kwano, fuska biyu, da fenti. A aika mutum uku, cikinsu da mace ɗaya daga masu asusu, su dawo da debi a karanta gaban taro kafin dala guda ta fita.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.