Wasiƙar Soja Daga Sansani

Yau za mu leƙa Amurka, zamanin yaƙin basasarta tsakanin Arewa da Kudu, daga 1861 zuwa 1865.

In an ce yaƙi, sai ka ɗauka kullum harbi ake yi. Ina! Yawancin kwanakin soja a sansani suke ƙarewa: fareti, gadi, saran itace, sai zaman jira. Abincin sojan Arewa busasshen biskit ne mai taurin tsiya, wani lokaci har da tsutsa a ciki, sai nama mai gishiri da kofi. 'Yan tireda masu bin sansani kuwa su tsauwala masa farashi. Fiye da mutum 600,000 suka mutu a yaƙin, kuma wajen kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su: atini, taifot, ƙyanda.

To, me ke riƙe zuciyar mutum a irin wannan zama? Wasiƙa. Wanda bai iya rubutu ba ya roƙi abokin tantinsa ya rubuta masa. Abin da ke ciki, kai ma ka san shi: ya yara, ya gona, kuɗin da na aiko sun iso? A Arewa an yarje wa soja ya aika ko ba shi da kan sarki, mai karɓa ya biya.

Ku 'yan kan iyaka, ga wadda za ku gane. A 1861 aka yanke gidan waya tsakanin ɓangarorin biyu. Wasiƙar fursunan yaƙi sai ta ƙetare ƙarƙashin farar tuta, a buɗe, jami'ai su karance ta tukuna.

Da yaƙi ya ƙare, dubban gidaje ba su san inda nasu ya kwanta ba. Wata mata, Clara Barton, ta buɗe ofishin neman sojojin da suka ɓace, ita da ma'aikatanta suka gano labarin wajen mutum 22,000. Sauran iyalai da yawa haka suka tsufa suna sauraron sallama a ƙofa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka tafi mashekari ko fatauci, kada ka bar gida cikin zullumi. Faɗa musu hanyar da ka bi da wanda kuke tare. Inda ka samu sabis, kira. Inda babu, ba direba saƙo. Rubuta sunanka da lambar wani naka a takarda, ka sa a aljihu.

Allah ya kai mu, ya dawo da mu lafiya.