Ga Waɗanda Suka Yi Rashi: Jawabin Sashen Kariya a Garin Kaka

Wannan jawabi ne da mai fassara na sashen kariya ya gabatar a madadin abokan aikinsa, a taron shugabannin unguwanni, malamai da kwamitin mata. An buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su samu halarta ba.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, shugabanni, da mutanen gari da suka karɓi baƙi hannu biyu, barkanku da zuwa. Mun gode da kuka bar ayyukanku kuka amsa kira.

Mu masu fassara aikinmu zama tsakaninku da jami'in kariya, mu mai da Hausa Faransanci, mu mai da Faransanci Hausa. Akwai tambayar da muke yi kusan kullum a buro: ku nawa ne a gida? Tambayar rajista ce kawai, amma sau da yawa a nan magana take tsayawa. Uwa za ta fara ƙirga ƴaƴanta da yatsu, ta zo kan ɗaya, sai ta riƙe yatsan ta yi shiru. Magidanci zai ce mu bakwai ne, can ya gyara ya ce shida. Wannan shirun ba shi da gurbi a takarda, amma muna jin sa. Shi ya sa aka ce mu tara ku yau mu yi magana a kan rashi.

Tun 2019 mutane ke ƙetarowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. Daga ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji aka kawo wasu nan, wasu Ɗan Daji Makau, wasu Cadakori. A gida, idan an yi mutuwa, an san abin yi. A yi wanka, a sa likkafani, a yi salla, a kai mutum makwancinsa. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, dangi su zo daga nesa, maƙwabta su kawo abinci, kowa ya tsuguna ya ce yaya haƙuri. Wannan magani ne da iyayenmu suka sani tun da daɗewa, domin ba a barin mai rashi shi kaɗai da zuciyarsa. Da yawa daga cikinku ba ku samu wannan ba. Wata ta gudo cikin dare ta bar mijinta kwance a gona. Wani ta waya ya ji mutuwar mahaifinsa, bayan an yi sati da binnewa. Wasu sun sayar da shanu sun biya kuɗin fansa, har yau babu mutum babu gawa. Makokin da ba a zauna ba yana nan, ya biyo ku har nan.

Mun san abin da ke hana wasu magana: tsoron kada a ce ba su da tawakkali. Malamanmu suna nan, sun fi mu sani, su gyara mana idan mun yi kuskure. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin ɓatan Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne abin misali wajen kyakkyawan haƙuri. Saboda haka wanda ya yi kuka, ko ya faɗi abin da ke cin sa, bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

A makonnin farko, rashin barci, rashin son abinci, mantuwa, saurin fushi, mafarkin mamaci, ko jin kamar muryarsa a bakin ƙofa, duk ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. Yawanci suna raguwa sannu a hankali. Amma akwai wanda nasa ba ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani: baƙin cikin rashi da ya wuce wata 6, ya zarce abin da aka saba gani a al'ada, har ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. Ku lura da wadda ta daina girki da wanka, ta daina kula da goyonta. Ku lura da wanda ya daina fita masallaci, kullum yana cewa laifinsa ne, da bai gudu ba da ɗansa na raye. Ku lura da saurayin da ya koma shan tramol ko sayen ƙwayar barci wurin masu talla. Wanda kuwa ya ce gara ya bi mamacin, ko ya fara raba kayansa yana sallama, kada a ce wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai cutar da kansa da shi, a kawo shi likita ko buro a ranar.

To, idan mutum ya zo, me ake yi masa? Ana zama da shi a ɗaki, shi da mai ba da shawara da aka horar, mace ga mai son mace. Ba a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Abin da ya ga dama shi zai faɗa, ran da ya ga dama. Akwai tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar domin wurare irin namu: zama 5, sau ɗaya a mako. A ciki ana koyon jan numfashi a hankali idan ƙirji ya ɗaure, da yadda za a rarraba matsaloli a kama ɗaya bayan ɗaya, da komawa ƙananan ayyukan da aka bari, kamar ɗiban ruwa tare da mata ko fita gona, da neman mutanen da za a jingina da su. Akwai kuma zaman rukuni, inda waɗanda suka yi rashi iri ɗaya ke sauraron juna. Wanda ke buƙatar magani, ma'aikacin lafiya ne zai duba shi. Ba a ce za a mantar da ku wanda kuka rasa ba. Ana so ne ku iya tuna shi, ku yi masa addu'a, sannan ku iya tashi ku ciyar da waɗanda suka rage.

Abin da aka faɗa a ɗakin nan sirri ne. Mu masu fassara mun sa hannu a kan haka. Ba ya zuwa kunnen miji, ko shugaban unguwa, ko maƙwabci, sai dai idan rai na cikin haɗari, kuma ko a nan za a fara gaya muku. Zuwanku ba ya taɓa katinku ko rabonku. Kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu daban kafin ya taimake ku, ku kawo ƙararsa.

Amma ma'aikata kaɗan ne, ku ne da yawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin da Ja'afar ya yi shahada, Annabi ya umarci a yi wa iyalinsa abinci. Ko kwano ɗaya na tuwo ne, a kai. A ɗebo wa mai takaba ruwa da itace cikin wata 4 da kwana 10 ɗinta, kada ƴaƴanta su shiga daji su kaɗai. A koma gaisuwa bayan arba'in, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Idan ta fara maganar marigayi, a saurara, kada a tare ta da "ya isa haka". Kada a matsa mata da maganar aure.

Yara ma suna makoki. Kada a ce wa yaro babansa ya yi tafiya, domin zai zauna yana duban hanya. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a kuma tabbatar masa ba laifinsa ba ne. Idan ya koma fitsarin kwance ko ya manne wa uwarsa, ba duka yake buƙata ba. A bar shi ya ci gaba da makaranta da wasa. Marayan da ba shi da kowa, a sanar da mu.

Masu neman wanda ya ɓata, rashin sani ya fi dare duhu. Ƙungiyar Red Cross, wadda a nan Nijar ake kira Croix-Rouge, tana da aikin neman dangi da sada su. Ba za mu yi muku alkawarin za a samu kowa ba, amma ku zo mu haɗa ku da su a rubuta sunansa. Hukuncin auren wadda mijinta ya ɓata kuwa, na malamai da alƙali ne, kada kowa ya yanke mata shi a tsakar gida.

Ranakun zama suna manne a allon sanarwa, masu faɗakarwa na unguwa kuma za su raka duk mai jin nauyin zuwa shi kaɗai. Roƙonmu guda ne: kowa a nan ya san gida ɗaya da aka yi shiru. Kafin Juma'a, ku leƙa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu. Wassalamu alaikum.