Tsohon Ƙullu

Yau za mu ajiye alli kaɗan, mu yi maganar abin da yawancinmu muka karya kumallo da shi, watau waina.

Akwai wani gida nan Ƙofar Galadima, ba sai mun faɗi suna ba, wanda mutanensa da waina suke ci, da ita suke sutura. Mun sha zuwa gidan wajen aikinmu na karatun manya, mun ga yadda suka raba aiki. Maigida shi ke sayo shinkafar tuwo da itace da man gyaɗa. Da hantsi mata su jiƙa shinkafar, su dafa kaɗan daga ciki, su gauraya da ɗanyar. Da la'asar yaro ya kai inji. Da asuba matar maigida ta ɗora tanda ta shiga suya, masu saye suna sallama a zaure tun gari bai waye ba.

Amma akwai aiki guda wanda ba mai taɓa shi sai tsohuwa, uwar maigida. Kowace safiya, kafin a sa kanwa da albasa, sai ta ɗebi ƙullu kaɗan ta zuba a 'yar ƙwarya ta rufe. Da dare ta juye shi cikin sabon ƙullu. Kafin asuba ya tashi, ya cika tukunya. Ta ce haka ta ga uwarta tana yi.

To, me ke cikin ƙwaryar nan? Waɗansu 'yan halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ke cin zaƙin da ke cikin hatsi. Waɗansunsu suna fid da iska, ita ce ke kumbura ƙullu, ita ce ramukan nan da muke gani in mun gutsuri waina. Waɗansu kuwa tsami suke kawowa, shi ya sa ake sa ruwan kanwa don a rage shi. Wani masani na Faransa, Louis Pasteur, shi ya nuna a 1857 cewa irin wannan tsami aikin masu rai ne. Tun da masu rai ne, suna jin zafi, suna jin sanyi. Da bazara aikinsu sauri gare shi, da hunturu kuwa nawa. Ba mu kaɗai muka san dabarar nan ba. A birnin San Faransisko na Amurka akwai gidan burodi mai suna Boudin, wanda aka buɗe a 1849, masu shi kuwa sun ce tsohon ƙullunsu bai yanke ba tun daga ran nan.

Wata shekara cikin hunturu tsohuwa ta kwanta ciwo, aka kai ta asibiti. Surukarta ta zuba tsohon ƙullu gwargwadon yadda ta saba gani, ta bar tukunya a tsakar gida. Gari ya waye ƙullu na nan kwance. Aka soya hakanan, waina ta fito da tauri, aka koma da rabi. Kashegari haka. Ran na uku ta aika kanti aka sayo yisti na leda. Ƙullu ya tashi sarai, amma masu saye suka ce, "Wannan ba ta gidan nan ba ce." Ba mu ce yisti abin banza ba ne, aikinsa yana kyau, sai dai ba ya kawo ɗan tsamin nan da mutane suka saba da shi. Ana cikin wannan hidima aka manta da 'yar ƙwarya, abin da ke ciki ya lalace. Ga kuɗin magani ana nema, ga ciniki ya faɗi, har maigida ya ci bashin shinkafa.

Da Allah ya ba tsohuwa sauƙi ta komo, sai ta aika Ƙofar Kuyambana wurin ƙanwarta, wadda ita ma wajen uwarsu ta koya, aka ɗebo mata tsohon ƙullu. Surukar, da ma tana ajinmu na mata, ta ɗauko fensir da littafi ta zauna gabanta. Ta ce, "Inna, ludayi nawa kike zubawa in ana sanyi?"

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, ni hannuna ke awo."

Ta ce, "To, Inna, ki zuba ina ƙirgawa."

Ashe da hunturu tsohuwa takan ƙara tsohon ƙullu, ta dama da ruwa mai ɗumi, ta jawo tukunya kusa da murhu, ta lulluɓe ta da tsohon zane. Shekara da shekaru tana yi cikin dare, ba wanda ya lura, ita ma ba ta ɗauka abin faɗi ba ne. Yanzu duk yana cikin littafi: mudun shinkafa kaza, ludayi kaza, na sanyi dabam, na zafi dabam. A bayan littafin kuma an rubuta sunayen masu karɓa bashi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da awo guda na sana'ar gidansu, mu rubuta shi a allo tare.