Motar Da Kayanta Ke Kasuwa Ita Ce Mai Araha

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hankalin masu ƙaramin ƙarfi ya koma kan ƙananan motoci na hannu masu ƙofa a baya, irin su Golf da Toyota Yaris da Honda Jazz. Abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne: idan ta lalace, akwai kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, kuma makanikin unguwa ya san injinta? Wannan ne ya sa Pontiac Vibe ke da daraja har yau, ko da yake an rufe kamfanin Pontiac a 2010. Injinta na Toyota ne, irin na Matrix da Corolla, don haka kayan gyaransa ba sa wuya.

Wani zai ce ai sabbin ƙira sun fi tsimin mai. Gaskiya ne, amma abin da ka tara a gidan mai zai iya tafiya rana ɗaya idan giya mai canja kanta ta samu matsala, aka rasa mai gyara. Wani kuma zai dogara da lambar kilomita, alhali ana iya juya ta baya. Saboda haka ka tafi da makanikinka, ku tayar da injin da sanyinsa, ku duba tsatsa a ƙasa, ku tantance takardun kwastan. Sannan ka ware wani abu daga kuɗin don taya da batir da juyen mai.